Gaba Bakwai

Kowace Laraba bayan la'asar
ni ce sandar Baba Labaran.
Daga Sabon Zango mu gangara Jemstawun,
hannunsa a kafaɗata, ba nauyi, kamar busasshen gora,
mu keta hayaƙin matan Ankara masu banda kifi
har gindin hasumiyar nan mai ja da fari.

Idanunsa sun riga shi tafiya,
hanci dai yana nan.
"Ruwa ya janye, Gambo. Ina jin ƙarnin duwatsu."

Shekara goma sha ɗaya ya yi a jirgin Turawa:
Rangun, Finan, Singafo,
a kai shinkafa, a ɗauko kuza.
Aikinsa igiya da darma.
A shafa wa darmar kitse a gindi, a wurga,
ta nutse, ta dawo da tsegumin ƙasa,
yashi ne, laka ce, ko ɓarɓashin murjani.
Sai ya ɗaga murya: Gaba goma! Gaba tara!

"Kowace fitila da irin ƙiftawarta.
Wata sau uku ta huta,
wata sau ɗaya, doguwa, kamar hammar tsoho.
Baƙon teku yakan ɗauka kira take yi.
Ba zo take cewa ba.
Cewa take: kauce, a kan kabari nake tsaye."

Daren da ba ya son faɗa, kuma ba ya fasawa,
a mashigin Malaka ne, damina, ba wata, ba fitila.
Samat, ɗan wajen, wanda aka ɗauko jagora,
ya ce akwai dutse a gaba, ubansa ya san shi,
har suna gare shi a bakin masunta.
Kyaftin ya shimfiɗa taswira, ya buga ta da yatsa:
nan fari ne fat, babu komai.
An ce da ɗan gari akan ci gari,
amma takarda daga Ingila ta zo, da hatimi.

"Gaba bakwai na kira.
Na sake wurgawa.
Kafin darma ta taɓa ƙasa, ƙasa ta taɓa mu."

Ƙarar, in ji shi, kamar an tsaga sabon ƙyalle,
ƙyallen ƙarfe, tsawon unguwa.
Waɗanda ke sama suka sami kwale-kwale.
Waɗanda ke ƙasa suna ɗura wa wuta gawayi,
Nimle ɗan Kuru mai dariya da giɓi,
da Bawa na Salaga da ke bin sa sule biyu,
ruwa ya same su da shebur a hannu.

Bayan shekaru aka kafa fitila a kan dutsen.
Sunan kyaftin aka sa mata.
Nan Baba yakan tofar da goro, ya yi shiru.

In magariba ta faɗi sai ya matse kafaɗata:
"Ƙirga mini."
In ɗaga kai, in ƙirga ƙiftawar, shi yana bi da leɓe,
kamar mai jan carbi.

Wata Laraba fitilar ta ƙi kamawa.
Na jira. Hasumiya tsaye, makauniya kamar shi.
Na ce ɗaya. Na haɗiye yawu. Na ce biyu.
Ya bar ni har na kai bakwai.

"Ke ma kin zama taswira?" ya ce.
"Tun ɗazu nake jin masunta suna zagin duhu.
In babu haske, ki ce babu haske, 'yar nan.
Duhun da aka faɗa bai cika kashe mutum ba."

Muka juya gida ta layin masu dokunu.
Rannan shi ya shige gaba,
yana taɓa ƙasa da ƙafa kafin ya taka,
ni ina riƙe da gefen rigarsa.